Ƙarar Jan Gwangwani

A asibitin ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Daga mai gadi har Babban Likita, Anti Fara'a suke cewa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Gajeriyar mace ce mai jiki, mai wushirya, wadda in ta yi maka sannu sai ka ji kamar an rage maka rabin ciwon. Mutum ɗaya ne ba ya kiranta haka, wato yayanta, wanda tela ne. Shi Auta yake ce mata, har yanzu da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Shi ya riƙe ta. Mahaifinsu ya rasu tana rarrafe, mahaifiyar ta bi bayansa ba da daɗewa ba, Yaya kuwa lokacin ko koyon ɗinki bai gama ba. Da keken ɗinkin nan ya ciyar da ita, ya sa ta a makaranta, ya aurar da ita. Da auren ya ƙi, ya share mata ɗaki a gidansa, bai ce mata uffan ba. A ƙarƙashin teburin da yake yanka ta yi wayo, tana tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yar tsana riga. Shi ya sa ko yau in ta ji ƙamshin sabon yadi da man keke sai hankalinta ya kwanta.

Ta fara aikin asibiti a ɗakin kati, tana zaro fayil tana mayarwa, har ƙura ta sa mata tari. Da hukumar asibitin ta ce tana so a riƙa auna yadda ake kula da marasa lafiya, kuma daga bakinsu su kansu, ba a sha wahalar neman wanda zai riƙe aikin ba. Wa ya fi Anti Fara'a iya mutane? Dabarar mai sauƙi ce, yadda wanda bai taɓa riƙe biro ba ma zai iya. A bakin ƙofar kowane ɗakin kwanciya aka ajiye ɗan tebur, a kansa manyan gwangwanayen madara biyu, ɗaya an shafa masa koren fenti, ɗaya ja, an huda murfin kowanne. Duk wanda aka sallama sai a ba shi murfin kwalbar lemo guda. In ya ji daɗin kulawar da aka yi masa ya jefa a kore, in bai ji ba ya jefa a ja. Lokaci zuwa lokaci sai ta juye ta ƙirga, ta kai wa hukuma.

Allah Ya sani ta so aikin nan. Da likita ya gama zagayen safe aka fara sallama, za ka gan ta tana yawo daga ƙofa zuwa ƙofa da jakar murafenta tana kacau-kacau. Ita ce ɗaure wa wannan ƙunshin kaya, ita ce riƙe wa waccan jariri, ita ce tsokanar tsoho cewa tun da ya warke sai a fara maganar amarya. Sai ta raka mutum har gaban teburin, ta danƙa masa murfin a tafin hannu, ta tsaya a gefensa da wushiryar nan a waje.

"To Baba, yaya ka ga aikin namu?"

"Alhamdulillahi, 'yata. Allah Ya saka muku da alheri."

Sai kore. Kullum kore. Sau ɗaya tak wani tsohon direba mai zafin rai, wanda aka yi wa aikin ƙari a ciki, ya ɗaga hannu ya jefa a ja. Murfin ya faɗa cikin gwangwanin da ba komai a cikinsa, ya ce ƙwal, har masu jiran magani a ƙarshen baranda suka juyo, nas biyu suka leƙo daga ɗakinsu. Tsohon ya daburce, ya ce wallahi kuskure ne, idonsa ne ba ya bambance launi sosai. Anti Fara'a ta yi dariya har da hawaye, ta buɗe gwangwanin ta ciro masa, ya sake jefawa a kore. Ta daɗe tana ba da labarin nan a ɗakin shan shayi.

Ɗakin maza shi ne zakara a kowane ƙirge, don ya fi kowane ɗaki tara murafen kore. Hukuma ta ba su takardar yabo a cikin gilashi, aka rataye ta a saman ƙofa. Shugabar ɗakin, Babbar Sista, ƙawar Anti Fara'a ce tun suna benci ɗaya a firamare, doguwa ce mai kaifin baki, wadda ba ta cin abincin rana sai tare da ita. Sistar ta sha rubuta wa hukuma cewa ma'aikatanta sun yi kaɗan, ana amsa mata da magana ɗaya: ɗakin da ya fi kowane ɗaki, me zai yi da ƙari? Sai ta yi tsaki, ta kuma ɗauki tsumma ta goge gilashin takardar yabon, don ɗan Adam ke nan.

Wata safiya Yaya ya kife a kan kekensa, ƙafarsa na kan fedal. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya karkata masa baki. Da aka ce ɗakin maza za a kwantar da shi, Anti Fara'a ta kama hannun matarsa ta ce ta kwantar da hankalinta, ai ya faɗa hannu na gari, ita da kanta ta auna ɗakin nan.

Sai da nata ya kwanta sannan ta wuce bakin ƙofa ta shiga ciki sosai. Da safe akan fitar da masu jinya, ba sa dawowa sai lokacin ziyara, saboda haka da rana ɗakin kan rage daga marasa lafiya sai nas biyu, gadaje kuwa har a tsakanin layi. Ba wai zama nas ɗin suke yi ba. Gudu suke yi, ɗaya da tiren allura, ɗaya da robar ƙarin ruwa, gumi na ɗiga daga haɓarsu. Amma hannu huɗu ne kawai. Ta ga wani bawan Allah yana kiran "Sista, Sista" har muryarsa ta dushe ya haƙura. Ta ga abincin Yaya a kan durowa ta ɓangaren hannun da ya mutu, ya huce, ƙuda na zagaye shi. Ta ba shi a baki, ta ce wa kanta yau ce kawai aka samu cunkoso.

Wari ne ya fara gaya musu. Ranar da ita da matar Yaya suka haɗa ƙarfi suka juya shi don su canza zanen gado, suka ga gyambo a ƙasan bayansa, faɗin tafin hannu, tsakiyarsa ta yi baƙi. Matar ta toshe baki da mayafi ta fita. Likita ya ce ciwon kwanciya ne, mutumin da ba ya iya motsi dole a riƙa juya shi a kai a kai, in ba haka ba nama ya mutu a ƙarƙashinsa. Ya ce za a sallame shi a riƙa wankewa a gida, in wurin ya yi tsabta nan da 'yan watanni a dawo da shi a yi aiki a rufe. In ba a rufe ba, ya faɗa a hankali, irin wannan ciwon yana cin mutum har ƙashi.

Ranar sallama ita ta turo keken guragun da kanta zuwa gaban teburin. Ta sa masa murfi a hannun hagu. Ba ta tambaye shi komai ba, murmushin ma na dole ne. Jan gwangwanin ne ya fi kusa da shi. Ta ga ya yunƙura, ya miƙa hannun da ƙyar, ya tsallake jan, ya kai kan koren ya saki. Ta ji kamar an mare ta a gaban mutane.

Ta bari sai da aka kwantar da shi a gida, matarsa ta shiga kicin, sannan ta zauna a bakin gadon.

"Yaya, don Allah me ya sa? Bayanka fa ya ruɓe a ɗakin nan."

Maganarsa ta yi nauyi, sai an kasa kunne. "Ke ce a tsaye a wurin, Auta. Ina kallon fuskarki zan ce aikinku bai yi ba?"

"Ai ba aikina ba ne, nasu ne."

"Namu kike cewa. Ina jin ki kullum daga gado." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Kuma ki ji da kyau. Ba zan koma ɗakin nan ba. In mutuwa ce, ta same ni a gidana."

Ta san yayanta. Mutum ne da in ya ce ɗinki bai yi ba, sai ya farke shi ko da mai kayan na tsaye yana roƙo. Ta kuma san abin da likita ya ce. Ta share hawayenta da bakin mayafi, ta ce, "In na gyara ɗakin fa?"

Rabin bakinsa mai rai ya motsa kamar zai yi dariya. "Ke da gwangwaninki?"

"Ni da gwangwanina."

Ba ta iya ɗaukar ma'aikata, ba ta iya sayen gado. Abu ɗaya ne a hannunta, shi ne ma'aunin, kuma ta gane ita ce ta danne shi da yatsa shekara da shekaru ba ta sani ba. Washegari ta zo da tsohon labulen ɗakinta da igiya da ƙusoshi, ta roƙi mai gyaran asibiti ya kewaye mata teburin ɗakin maza. Ta daina raka kowa. Sai ta ba mutum murfinsa, ta ce, "Ka shiga kai kaɗai, ba mai ganinka, ka faɗi abin da ka gani," ta juya ta yi nisa. Ta cire "namu" daga bakinta kamar mai cire ƙaya. Abin ya yi mata wuya fiye da yadda ta zata. Tsofaffi suka riƙa tambaya ko an ɓata mata rai ne, wata nas ta ce Anti Fara'a ta zama Anti Shan-kunu.

Wata ya shuɗe. Ta buɗe jan gwangwanin, ta tarar da gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Ranar ta rasa abin da ke mata daɗi. Da safen nan ta taya matar Yaya wanke gyambon, ta ga gefensa ya fara ja mai kyau, alamar lokacin aiki na matsowa, shi kuwa ko zancen asibiti ba ya so a yi a gabansa. Ta tsaya ita kaɗai a bayan labulen da tsakar rana, tana jujjuya murfi a hannu. Ko dai mutanen nan da gaske suke, ita ce ke neman rigima? Don haushi, ta ce bari ta jefa wa Yaya nasa da bai jefa ba. Ta saki murfin a cikin ja.

Ƙwal!

Barandar ta amsa. Kafin ta ɗage labulen, nas ta riga ta leƙo, mai shara ya tsaya da tsintsiya a hannu, duk suna son ganin wane ne wannan marar kunya. Nan take tsohon direban nan ya faɗo mata a rai, da idonsa da ya ce ba ya bambance launi, da dariyar da ta yi masa. Idonsa lafiya lau. Ta koma ciki ta jefa wani murfin a kore, ya faɗa kan 'yan uwansa ya ce cas, ko ita da ƙyar ta ji. Ashe labule ido kawai ya tare. Duk wanda ya kwana a ɗakin nan ya san ƙarar, ya kuma san wata rana zai iya dawowa hannun waɗanda suka ji ta.

Da ta tashi aiki ba ta wuce gida ba, sai shagon Yaya. Ta buɗe kwaɗon, ƙura ta tare ta. Keken na nan a rufe da zane, rigar da yake ɗinkawa ranar da ya faɗi tana maƙale a ƙarƙashin allura. Ta durƙusa ta shiga ƙarƙashin teburin yanka, inda ba ta shiga ba tun tana yarinya, ta jawo buhun ƙyallaye. Ta zauna a ƙasa ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta zaɓi masu kauri.

Washegari a asibiti ta shimfiɗa su a gindin gwangwanayen duka biyu, ta liƙa wasu a jikin bangon ciki, ta yi ta gwadawa har ya zama ko kunne ka kafa ba za ka ji komai ba. Sannan ta bi gado-gado da gwangwanin a hannu, tana jefa murfi a gaban marasa lafiya. "Kun ji wani abu?" Suka ce a'a. "To nima ban ji ba. Sista ma ba za ta ji ba."

Ƙirgen da ya biyo baya, sai da ta sa hannu biyu ta ɗaga jan.

Ba ta kai wa hukuma ba sai da ta fara kai wa ƙawarta, don ba ta so ta ji a bakin wani. Babbar Sista ta dubi tarin murafen a kan teburinta, ta dubi Anti Fara'a, ta ture kwanon abincin da suke ci tare.

"Yanzu ni za ki tona wa asiri? Kin fi kowa sanin yadda yaran nan ke aiki. Ɗaya har ɓari ta yi a kan ɗakin nan."

"Na sani. Shi ya sa. Kin ce suna hana ki ma'aikata saboda kore, to ga ja."

"Ja sunana zai ɓata, ba nasu ba. Sunan wa ke kan takardar can?"

"Ƙawata, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"Ɗauki gwangwaninki ki fita."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Daga ranar Anti Fara'a ta koma cin abinci ita kaɗai a kan benci a bayan ɗakin kati. In ta shiga ɗakin shan shayi sai hira ta mutu. Ga macen da duk rayuwarta ba ta iya kwana da fushin kowa ba, wannan ba ƙaramar azaba ba ce, kuma ta sha ta. Amma kullum da safe tana ganin bayan Yaya, saboda haka ta kai sakamakon yadda yake, ba ta rage ko murfi ɗaya ba.

Aka kira taro. Babban Likita ya ce abin da mamaki, ɗakin da ya yi shekaru yana kan gaba ya faɗo ƙasa dare ɗaya, ko dai wani ne ke wasa da gwangwanin? Anti Fara'a ta miƙe, ta ajiye wani jan gwangwani marar ƙyalle a kan teburin taron ta jefa murfi. Da ƙarar ta lafa ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce ta hana su. Da ni." Wani daga cikin hukuma ya ce to ke nan sai a binciki shugabar ɗakin.

Babbar Sista ta tashi, ba ta kalli inda ƙawarta take ba. Ta ce a bincike ta, ba ta tsoro, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce murafen nan ba su yi ƙarya ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta sha faɗa ana nuna mata takardar yabo. Ta gayyace su su zo da tsakar rana su tsaya a ɗakin na awa ɗaya, in sun iya. Biyu daga cikinsu suka je. Ba su cika awar ba.

Ba a yi abin a-zo-a-gani ba, don asibiti ba ya canzawa kamar riga. An ƙaro nas ɗaya daga wani ɗaki, aka ɗauki maza biyu majiya ƙarfi waɗanda aikinsu kawai juya waɗanda ba sa motsi da ba su abinci, aka bar mai jinya ɗaya ya zauna da irin waɗannan da rana. Aka sauke takardar yabon, wurin ya bar farin tabo a bango. Sauran ɗakunan ma aka sa musu labule da ƙyalle, shugabanninsu suka shiga sahun masu jin haushin Anti Fara'a.

Ta je ta gaya wa Yaya komai, har da buhun da ta taɓa ba da izininsa ba. Ya dube ta.

"Waɗanne ƙyallayen kika ɗauka?"

"Masu kaurin, na ƙasan buhu."

"Na kwat ne. Masu tsada." Ya lumshe ido. "Ki gaya wa likitan ya sa rana."

Aka yi aikin, ya yi makonni a ɗakin. Kullum da rana takan leƙa, wani lokaci ta tarar da shi yana fuskantar taga, wani lokaci yana fuskantar ƙofa, abincinsa kuma a ɓangaren hagu. Wata rana ta tarar da Babbar Sista da kanta tana gyara masa matashi a bayansa. Suka haɗa ido. Sista ta ce, "Ɗinkin ya kama," ta wuce. Ba ta ƙara ko kalma ba, amma Anti Fara'a ta riƙe wannan ɗin har yamma. Ba kuma komai ne ya gyaru ba, don ranar nan ma ta ji wani a ƙarshen layi yana kiran Sista, an daɗe kafin a je.

Ranar sallama ta turo shi har cikin labulen, ta daidaita keken yadda hannunsa zai kai ga kowanne ba tare da wahala ba, ta sa masa murfin a tafi.

"Fita, Auta."

Ta fita, ta ja labulen, ta yi nisa har jikin taga. Duk da haka kunnenta na wurin, ba ta iya hana shi ba. Ta ji takun mai shara, ta ji tari daga cikin ɗaki, ta ji wata mota na tashi a waje. Daga bayan labulen ba ta ji komai ba.

"Zo ki tura ni," in ji shi.

Hannunsa ba komai a ciki. Ta kama keken suka bi baranda, ya ɗan karkato kai ya dube ta ta wutsiyar ido.

"Kada ki tambaye ni."

"Ba zan tambaya ba, Yaya."

Ta tura shi zuwa bakin ƙofa inda matarsa ke jira da kaya, hawaye na bin kumatunta, wushiryar nan kuwa a waje.